Gudawar da ta dawo a rana ta 27: nazarin lamarin mai sankarar fata da CMV ta kama wa hanji

Majinyacin namiji ne ɗan shekara 58, nauyinsa kilo 70, ba shi da ciwon suga, bai kuma taɓa fama da wata cutar hanji ba. Sankarar fata irin wadda ake kira melanoma ce ta fito masa a tafin ƙafa, kafin a gano ta kuwa ta riga ta kai kaluluwar cinya da huhu. Aka ɗora shi a kan magunguna biyu masu zaburar da garkuwar jiki: ipilimumab miligiram 3 ga kowane kilo, da nivolumab miligiram 1 ga kowane kilo, ta jijiya, duk bayan mako uku. Zagaye huɗu aka tsara. Uku ya samu.

Sai an san aikin waɗannan magunguna kafin a gane abin da ya biyo baya. Ƙwayoyin T, mayaƙan garkuwar jiki, suna da linzamin da ke hana su afka wa jikin mai su. Biyu daga cikin linzaman nan su ne CTLA-4 da PD-1, kuma binciken da James Allison da Tasuku Honjo suka yi a kansu ne ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 2018. Sankara takan fake da linzaman don ta tsira. Ipilimumab, wanda aka amince da shi a Amurka a 2011, yana kwance na farko; nivolumab, wanda ya biyo baya a 2014, yana kwance na biyu. Da zarar an saki ƙwayoyin T sai su far wa sankarar, amma sukan haɗa har da lafiyayyen jiki, kuma babban hanji na cikin wuraren da suka fi shan wahala. A babban gwajin nan na CheckMate 067 da aka fitar da sakamakonsa a 2015, kusan mutum 44 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa magungunan biyu sun yi gudawa, kusan 9 cikin 100 kuma tasu ta yi tsanani.

Wato a ranar da aka fara yi wa wannan bawan Allah allura, garkuwarsa ba ta da rauni. Ƙarfi ma ya yi mata yawa. Raunin ya zo daga baya, ta hannun maganin da aka ba shi don a kwantar da ita, kuma shi ne ya buɗe ƙofa ga CMV (cytomegalovirus), wani bairos da kan kwanta shiru a jikin mutum sai garkuwa ta yi rauni ya farka.

Kwanciya ta farko

Kwana takwas bayan zagaye na uku cikinsa ya fara murɗawa. Mutumin da ya saba zagayawa sau ɗaya a rana ya koma sau huɗu, sannan shida, sannan tara, ruwa tsululu da ɗan majina, har cikin dare. Kwana huɗu ya yi yana shan loperamide, maganin tsayar da gudawa, bai gaya wa kowa ba. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce, "Likita, tsoro na ji kada a dakatar min da allurar." Amsar da aka saba ji ke nan daga irin waɗannan majinyata, shi ya sa tun ranar farko ake jaddada musu cewa gudawar da aka kawo da wuri ta fi sauƙin magani. Loperamide yana rage yawan fita ne kawai, kumburin na nan yana ci a ciki.

Ranar da aka kwantar da shi ita za mu kira rana ta 1. Bugun zuciyarsa 108, hawan jini 100 bisa 60, zafin jiki 37.4, baki a bushe. Fotasiyam ya sauka zuwa 3.1, kiriyatinin ya hau daga 0.9 zuwa 1.5, alamar ƙoda ta fara jin ƙarancin ruwa. A ma'aunin da likitocin sankara ke amfani da shi, ƙarin fita ƙasa da huɗu a kan yadda mutum ya saba mataki na 1 ne, huɗu zuwa shida mataki na 2, bakwai ko fiye mataki na 3. Nasa na 3 ne.

Aka sa masa ƙarin ruwa da fotasiyam, aka aika bahayarsa ɗakin gwaji kafin a taɓa sitiroyid, maganin da ke danne kumburi da garkuwar jiki. An nemi Clostridioides difficile (C. difficile), bakteriyar da ke jawo gudawa, an shuka bahayar don neman bakteriyar Salmonella da Shigella da Campylobacter, an duba ƙwan tsutsa da amiba, an kuma yi rini na musamman don Cryptosporidium, domin duban da aka saba yi ba ya nuna ta sai an nema da suna. Amiba tana da muhimmanci na daban a nan: wanda ke da atinin amiba idan aka loda masa sitiroyid, hanjinsa na iya ruɓewa ya huje cikin 'yan kwanaki. Duka dai ba a samu komai ba. Kalfurotektin na bahaya, mai nuna kumburin hanji, ya haura 1,000, alhali na mai lafiya ƙasa da 50 yake. Hoton CT ya nuna bangon babban hanji ya yi kauri daga farko har ƙarshe, babu alamar hujewa.

A rana ta 2 aka leƙa ƙarshen hanjin da na'ura mai kyamara. Fatar ciki ta yi jawur bai-ɗaya, da an taɓa sai jini, ga ƙananan gyambuna marasa zurfi. 'Yan yankunan tsoka da aka gutsuro sun nuna irin kumburin da garkuwar jiki ke haddasawa. An yi rinin neman CMV a tsokar, babu. Gwajin jini kuwa ya nuna yana da IgG na CMV, wato sinadarin kariya da jiki ke yi bayan haɗuwa da ita, ma'ana ya taɓa kamuwa da ita a baya kamar yawancin manya, tana nan kwance a jikinsa. An rubuta wannan a fayil, aka wuce.

Aka fara sitiroyid mai suna methylprednisolone miligiram 2 ga kowane kilo, wato 140 a rana. Ƙa'ida ita ce idan kwana uku zuwa biyar suka wuce babu sauƙi, a ƙara magani na biyu. Rana ta 5 yana fita sau bakwai, sai aka ba shi infliximab, wani maganin danne garkuwa, miligiram 5 ga kowane kilo, 350 ke nan. An riga an duba tarin fuka, ciwon hanta nau'in B da HIV tun ranar kwanciya, kuma dabara ce mai kyau, don infliximab yana tayar da tarin fuka da ciwon hantar da suka kwanta, jiran sakamako kuma a ranar da ake buƙatar maganin ɓata lokaci ne.

Wani abu da aka yi daidai shi ne batun tsutsar Strongyloides stercoralis. Majinyacin ya yi shekaru yana aikin gona a ƙasa mai zafi da damshi, sau da yawa ba takalmi. Wannan tsutsa tana shiga ta fatar ƙafa, kuma ta bambanta da sauran domin tana iya hayayyafa a cikin mutum shekara da shekaru ba tare da ya sake kamuwa daga waje ba. Sitiroyid ne babban abin da ke sa ta ɓarke: 'ya'yanta su ratsa bangon hanji zuwa huhu da jini, ɗauke da bakteriyar hanji, har su kai ga sanƙarau. Duban bahaya sau ɗaya yakan kuskure ta, yawan fararen ƙwayoyin jini na iyosinofil da ake dogaro da shi wajen gano tsutsa kuma sitiroyid yana danne shi. Don haka aka ɗibi jini don gwaji, ba a jira sakamako ba aka ba shi ivermectin maikirogiram 200 ga kowane kilo na kwana biyu, bayan an tabbatar bai zauna a dazuzzukan Afirka ta Tsakiya da ta Yamma inda tsutsar Loa loa take ba, domin mai ɗauke da ita da yawa a jini ivermectin na iya taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Rana ta 8 fita ta koma uku. Rana ta 10 aka sallame shi a kan prednisolone, sitiroyid na sha, miligiram 70, ana rage 10 duk mako, da co-trimoxazole don kare huhu daga Pneumocystis, ƙwayar cutar da ke kama masu raunin garkuwa, kamar yadda ake yi wa duk wanda zai sha prednisolone miligiram 20 ko fiye na mako huɗu. Rana ta 19 ya karɓi infliximab na biyu.

Rana ta 27

Ya dawo da daddare, a kan prednisolone 50. Fita sau goma, wannan karon da jini ja da gudaji, ciwo a gefen dama na ciki, zafin jiki 38.4. Likitocin da ke bakin aiki suka duba fayil, suka ga kumburin hanji na garkuwar jiki da aka tabbatar da gwajin tsoka, suka ga ana cikin rage sitiroyid. Lissafin ya zo musu da sauƙi: an yi saurin ragewa, ciwon ya dawo. Suka mayar da shi kan methylprednisolone 140, suka sa maganin bakteriya ta jijiya saboda zazzaɓin, suka rubuta a shirya infliximab na uku.

Ba za a ce tunaninsu ba shi da tushe ba, don dawowar kumburin yayin rage sitiroyid abu ne da ake gani kullum. Kuskuren shi ne dogaro da gwajin rana ta 2. Tsokar da aka duba a lokacin ta mutum ce da bai taɓa shan sitiroyid ba. Wanda ke kwance a gabansu ya sha kwana 25 na sitiroyid mai yawa da infliximab sau biyu, ga gyambo a hanji, ga albumin, furotin ɗin jini, ya zube, ga CMV da aka san tana jikinsa. Duk sharuɗɗan farkawarta sun cika.

Alamu kuma suna nan ga mai lura. Wanda ke shan prednisolone 50 ba ya cika yin zazzaɓi, don maganin yana danne shi. Idan har zafi ya fito ta ƙarƙashin wannan adadi, to a nemi ƙwayar cuta tukuna. Fararen ƙwayoyin jininsa 3,100 ne, alhali sitiroyid ɗaga su yake yi. Limfosayit, rukunin fararen ƙwayoyin da ƙwayoyin T ke cikinsa, 400 kacal. Sinadaran hanta sun ɗan hau. Wurin ciwon ya koma dama, yanayin bahayar ma ya sauya. Ma'aikaciyar jinya ce ta fara faɗa da safe, tana nuna takardar da ake rubuta kowace fita: "Likita, wancan karon ruwa ne da majina. Wannan jini ne zalla, kuma ba ya barin a taɓa masa nan."

Kwana uku a kan babban sitiroyid, abin sai gaba yake. Himogulobin, ma'aunin yawan jini, ya faɗo daga 11.8 zuwa 8.4, albumin 2.3. An sake gwajin C. difficile, babu. Gwajin PCR, mai neman ƙwayar halittar CMV a jini, ya dawo da 1,800 a kowace mililita, adadin da bai kai ya yanke hukunci ba. Nan ma akwai tarko ta fuska biyu. CMV tana iya cin hanji sosai alhali kaɗan ce a jini, ko ma babu sam. Tana kuma iya bayyana a jinin mai jinya mai tsanani ba tare da ita ce ke cin hanjin ba. Tsoka ce kaɗai ke raba gardama.

Rana ta 30 aka dakatar da infliximab, aka leƙa hanjin gaba ɗaya, a hankali, da iska kaɗan saboda gudun hujewa. Ƙarshen hanjin da aka gani a karon farko ya ma fara warkewa. Da a nan aka tsaya da an ce ana samun sauƙi. Can ciki, a ɓangaren dama da na tsakiya, sai ga gyambuna masu zurfi, bakinsu a yanke tsaf kamar an huda da ƙarfe, fatar da ke tsakaninsu kuma kusan lafiya lau. An gutsuro tsoka daga gindin gyambunan da gefensu. Wurin gutsurowar yana da muhimmanci: CMV ta fi zama a ƙwayoyin da ke shimfiɗe cikin ƙananan jijiyoyin jini da naman da ke ƙasan gyambo, don haka wanda ya ɗebo daga saman fata kawai zai iya dawowa hannu rabbana. Ta hanyar lalata waɗannan jijiyoyin ne ma take hana wurin samun jini har ya rarake, abin da ya bayyana zurfin gyambon da yawan zubar jinin.

A madubin likita an ga manyan ƙwayoyi da suka kumbura, kowace da dunƙule a tsakiya da farin zobe kewaye da shi, abin da masu duba tsoka ke kira idon mujiya. Rinin musamman na CMV, wanda ya fi rinin yau da kullum kamawa, ya nuna ƙwayoyi masu yawa a kowane yanki.

Maganin da abin da ya jawo

Ba a jira wannan sakamako ba, wanda ya ɗauki kwana biyu. Ganin gyambunan ya isa, a ranar aka fara ganciclovir, maganin CMV, miligiram 5 ga kowane kilo, 350, ta jijiya duk awa 12, kowane a ɗiga shi cikin awa guda. Ƙoda ce ke fitar da maganin, saboda haka sai an lissafa aikinta kafin kowane sauyi: idan tacewarta ta kai mililita 70 a minti a ba da cikakke, tsakanin 50 da 69 a raba biyu, tsakanin 25 da 49 a ba da rabin sau ɗaya a rana. Mai gudawa kuwa ƙodarsa na iya sauyawa daga safe zuwa yamma, don haka kullum ake auna kiriyatinin. Tasa ta riƙe a 1.0 da taimakon ƙarin ruwa. Akwai valganciclovir na sha, amma ba a fara da shi ga mai fita sau goma, don ba a da tabbacin hanjin zai tsotse shi.

Sitiroyid ne ya fi wuyar sha'ani. Barinsa da yawa ciyar da CMV ne. Yanke shi kwatsam kuma haɗari biyu ne: bayan wata guda ana sha, jikin ya daina sarrafa kotisol, sitiroyid ɗin da yake yi da kansa, hawan jini na iya faɗuwa warwas; sannan kumburin asali na nan yana jira. Aka sauko da shi zuwa prednisolone 40 a rana ta 31, ana rage 10 duk kwana biyar har zuwa 20, daga nan 5 duk mako. Infliximab da ya riga ya shiga ba yadda za a yi da shi, rabinsa kawai ke fita cikin kwana takwas zuwa goma, tasirinsa kuma yakan yi makonni. An yi masa ƙarin jini leda biyu, an dakatar da maganin bakteriya da shukar jini ta fito babu komai, likitocin tiyata kuma suna duba cikinsa safe da yamma, domin sitiroyid yana ɓoye alamun hujewar hanji: ciki na iya zama da laushi alhali an riga an huje.

Rana ta 34 zazzaɓi ya sauka. Rana ta 37 fita huɗu, babu jini, ya fara cin abinci.

Rana ta 40 sai ga matsalar da ake tsammani: nutirofil, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da bakteriya, sun faɗo zuwa 900, kwana biyu bayan haka 600. Ganciclovir yana danne ɓargo, co-trimoxazole ma haka, ga su an haɗa. Abin da hannu ke saurin kaiwa gare shi shi ne rage ganciclovir, kuma shi ne bai kamata ba. Maganin da bai kai ƙarfi ba yana ba CMV damar sauya ƙwayar halittarta ta UL97 ta daina jin sa, daga nan sai a koma ga wani maganin, foscarnet, wanda ke cutar da ƙoda yana zubar da kalsiyam da maganiziyam. Sai aka bar ganciclovir yadda yake, aka ba shi filgrastim maikirogiram 300 a ƙarƙashin fata na kwana uku don ɓargon ya farfaɗo, aka musanya co-trimoxazole da atovaquone miligiram 1,500 a rana. Da nutirofil sun sauka ƙasa da 500 sun ƙi tashi, dole a dakata a sake shawara. Ba su kai ba. Rana ta 44 aka mayar da shi kan valganciclovir miligiram 900 sau biyu a rana tare da abinci, aka sallame shi, ana gwajin jini sau biyu a mako.

Karo na uku

Rana ta 52, a kan prednisolone 15, gudawa ta sake tasowa: sau biyar, ruwa, babu jini, babu zazzaɓi. A ranar ya kira, bai ɓoye ba.

Abu uku ne a kan tebur. Ko CMV ce ta daina jin magani, ko kumburin garkuwa ne ya ɗago kai da sitiroyid ya yi ƙasa, ko kuma C. difficile, tunda ya kwanta asibiti sau biyu, ya sha maganin bakteriya, yana kuma shan maganin rage tsamin ciki. Magungunan ukun sun saɓa wa juna, kuma a gadon majinyaci ba mai iya bambanta su da ido. Ba a ƙara ko miligiram ɗaya na sitiroyid ba sai da aka sake bin layin daga farko. Wajen C. difficile an nemi gubar kanta, domin PCR kaɗai yana iya kama wanda ke ɗauke da ƙwayar ba tare da ita ce ke sa shi ciwo ba. Da an same ta, vancomycin na sha miligiram 125 sau huɗu a rana na kwana goma ne, ko fidaxomicin 200 sau biyu. Ba a samu ba. An ƙara da norobairos da Cryptosporidium, waɗanda kan daɗe a hanjin mai raunin garkuwa. Babu. CMV ta ɓace daga jini. Da aka leƙa, gyambunan dama sun cike sun bar tabo, rinin CMV bai kama ko ƙwaya ɗaya ba, amma ja da kumburi irin na karon farko sun dawo a ƙarshen hanjin.

Kumburin garkuwa ne, sai dai komawa ga babban sitiroyid ko infliximab zai sake buɗe wa CMV ƙofa. Aka zaɓi vedolizumab miligiram 300 ta jijiya, a maimaita bayan mako biyu, sannan a mako na shida. Shi wannan yana toshe wani maƙalli ne mai suna α4β7 da ƙwayoyin T ke amfani da shi wajen shiga bangon hanji, don haka aikinsa kusan a hanji ya tsaya, bai cika taɓa garkuwar sauran jiki ba. Aibinsa jinkiri: ba ya kamawa da sauri kamar infliximab, shi ya sa a kwanciyar farko, da majinyacin ke fita sau bakwai a kan babban sitiroyid, zaɓen infliximab bai zama laifi ba. Ko da hanji kaɗai yake taɓawa, hanjin nan ne CMV ta ci, saboda haka bayan cikar mako huɗu na magani a rana ta 58 an ci gaba da valganciclovir 900 sau ɗaya a rana har aka gama sitiroyid. An tsayar da prednisolone a 15 na mako biyu, sannan aka ci gaba da ragewa. Bayan vedolizumab na biyu fita ta koma biyu a rana.

Ipilimumab an haramta masa shi har abada, kamar yadda ake yi bayan kumburin hanji na mataki na 3. Nivolumab shi kaɗai ana iya komawa gare shi idan gudawa ta lafa kuma prednisolone ya sauka zuwa 10 ko ƙasa. Hoton CT na mako na 20 daga fara jinya ya nuna ƙullutan huhu sun ragu, babu sabo, sai likitocin sankara suka ga babu gaggawa, suka zaɓi sa ido da hoto duk wata uku, a ajiye nivolumab sai in sankarar ta motsa. A shafin farko na fayil ɗinsa an rubuta da jan biro cewa CMV ta taɓa cin hanjinsa, kuma duk gudawar da ta wuce sau huɗu a rana, a ɗauki bahaya da jini, a leƙa hanjin har ɓangaren dama, kafin a ƙara sitiroyid.